Littafin Aikin Salsalar Dangi: Daga Intanet Zuwa Takarda

11 ga Janairu, 2025

Aikin da na ɗora wa kaina a bana shi ne tattara abin da danginmu suka warwatsa a shafukan salsala na intanet, in tace, in fitar da shi a takarda, yadda dattawan da ba ruwansu da kwamfuta za su karanta su yi gyara tun suna da ƙarfinsu. Abin da ke ƙasa kashi uku ne: reshen da ɗan baffana ya gina a Ancestry, da wanda 'yar goggona ta fara a MyHeritage ta ajiye, sai sunayen wasu kakanni da na tarar a FamilySearch.

Shafukan nan ba tafiyarsu ɗaya ba, kuma duk abin da zai biyo baya a kan wannan bambanci ya rataya. A Ancestry da MyHeritage kowa da bishiyarsa, mai ita ne ke sawa da cirewa, sai fa wanda ya gayyata. FamilySearch kuwa, da WikiTree da aka kafa a 2008, da Geni da MyHeritage ta saya a 2012, bishiya ɗaya suke son ginawa ta duniya baki ɗaya, kowane mutum da shafinsa guda. A FamilySearch duk mai rajista na iya gyara sunan kakanka ko ya sauya masa uba cikin dare ɗaya. Tsarin ke nan, don a haɗa hannu a gyara. Sai dai abin da na buga yau, na yau ne kawai. Don haka dokar farko ta aikin: ba takardar da za ta fita daga firinta sai da ranar da aka ɗauko bayanin da wurin da aka ɗauko shi a rubuce a ƙasanta.

19 ga Janairu

Bugawa kai tsaye daga burauza ba ta yi. Bishiyar da ke fuskar kwamfuta janta ake yi hagu da dama, a buɗe wannan reshe a rufe wancan, ita kuwa takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, ba ƙari. Rabin suna a wannan shafi, ragowarsa a na gaba, maɓallan shafin sun sha tawada a banza. Gara jadawalin da shafukan ke haɗawa da kansu su ba ka a PDF. FamilySearch na ba da jadawalin kakanni, da takardar iyali guda mai ɗauke da miji da mata da 'ya'yansu, da zanen mafici wanda mutum ke gindi kakanni na bazuwa a samansa.

Sun fito tsaf, kuma tsaftar ce ta dame ni. A intanet in ka danna suna za ka ga ko akwai madogara a ƙarƙashinsa ko babu, wa ya sa shi, yaushe aka taɓa shi. A jadawalin kakanni da aka buga, duk wannan ya tafi. Kakan da ke da takardar haihuwa da wanda wani ya ji an ce, harafinsu ɗaya, akwatinsu ɗaya. Mai karatu ba shi da yadda zai bambance su.

Abu ɗaya na riƙe daga gwajin yau: FamilySearch na ba kowane mutum lambar shaida mai haruffa da lambobi bakwai. Suna na iya sauyawa, amma da lambar ake komawa a ga abin da ya faru da shafinsa. Zan riƙa rubuta ta kusa da suna.

2 ga Fabrairu

Na yanke shawarar sauko da bayanan gaba ɗaya cikin kwamfutata, in riƙa bugawa daga can. Hanyar ita ce fayil ɗin GEDCOM. Cocin da aka fi sani da Mormon, mai hedikwata a jihar Utah ta Amurka, wanda kuma shi ne mai FamilySearch, ya fito da tsarin a 1984 don manhajojin salsala su iya musayar bayani. Sigar 5.5 ta fito a 1996, 5.5.1 ta zauna a matsayin daftari tun 1999 har sai 2019 aka tabbatar da ita, sannan 7.0 ta zo a 2021. Tsofaffin sigogin ne dai har yanzu aka fi cin karo da su.

Fayil ɗin rubutu ne zalla, kowace manhajar rubutu na buɗe shi. Kowane layi na farawa da lamba mai nuna matsayinsa, sai gajeriyar alama: INDI mutum, FAM iyali, BIRT haihuwa, DEAT rasuwa, DATE kwanan wata, PLAC wuri, SOUR madogara. Duk mai wannan aiki ya kamata ya zauna ya karanta fayil ɗinsa da idonsa ko da sau ɗaya, don a nan ake ganin abin da ya iso da abin da ya zube a hanya.

A Ancestry mai bishiya ne kaɗai ke iya fitar da fayil ɗin, saboda haka sai da na roƙi ɗan baffana, na kuma roƙi 'yar goggona nata. Hakan ya yi mini daidai, don roƙon ya zama neman izini. Babbar bishiyar FamilySearch ba ta da maɓallin saukewa kai tsaye, sai ta hanyar manhajojin da ke hulɗa da ita, irin su RootsMagic da Ancestral Quest.

Hotuna ba sa biyo fayil ɗin, na mutane ne ko na takardu. Sigar 7.0 ta kawo GEDZIP mai haɗa rubutu da hotuna a ƙunshi ɗaya, amma ba kowace manhaja ke karɓarsa ba. Madogarar da ta biyo ma, sau da yawa adireshin shafi ne kawai wanda ba ya buɗuwa sai ga mai biyan kuɗin rajista. A takarda adireshi irin wannan ba shi da amfani ga kowa. Dole in rubuta madogara cikakkiya: wace takarda ce, wace hukuma ta ba da ita, wace shekara, wane shafi, tana hannun wa yanzu.

Babbar ɓarnar da na gani tana cikin FAM. A tsarin, iyali guda miji ɗaya ne da mata ɗaya da 'ya'yansu. Wanda ya yi aure fiye da sau ɗaya, kowane aure da nasa FAM. In mai shigarwa ya yi gaggawa ya zuba 'ya'ya duka ƙarƙashin mace ɗaya, sai 'yan uba su koma uwa ɗaya uba ɗaya, sauran iyaye mata su ɓace kamar ba a yi su ba. Sai kuma suna. Tsarin na sa sunan dangi tsakanin sanduna biyu masu karkata, don ya ɗauka kowa na da sunan da ake gada daga kaka zuwa jika. Al'ummu da yawa a duniya ba haka suke ba, sunan uba ne ke bin na ɗa, yana sauyawa daga hawa zuwa hawa. Wata manhaja da na gwada ta liƙa wa jikoki sunan kakan kakansu ba tare da an tambaye ta ba. A wata kuma ƙ da ɗ da ɓ suka koma alamar tambaya, don an adana fayil ɗin a tsohon tsarin haruffa. A riƙa zaɓar tsarin haruffa na UTF-8.

Na tsaya a kan manhajar salsala mai suna Gramps. Kyauta ce, tana nan tun 2001, kuma bayanan a kwamfutata suke zaune.

9 ga Fabrairu

Fayil ukun na ajiye su daban-daban yadda suka zo, kowanne da ranar saukewa a sunansa, ba zan taɓa su ba. Na buɗe sabuwar bishiya babu kowa a ciki, ina shigar da mutane ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ɗan baffana ya ce wahalar da kai ne, tunda akwai maɓallin haɗewa. Akwai. Amma da zarar an haɗe, gano wa ya faɗi me sai an sha wuya.

1 ga Maris

Gramps na da kayan aikin da ke bin bayanai yana nuna abin da hankali ba zai ɗauka ba. Na saka fayil ukun a ciki. Ga mace ta haihu shekaru bayan rasuwarta. Ga ɗa ya girmi ubansa. Ga wani bawan Allah da ya yi aure a ƙarni ɗaya ya sake yi a na gaba yana da shekara sama da ɗari, wanda da na duba sai na ga kaka ne da jikan da aka sa wa sunansa aka dunƙule su mutum ɗaya. Irin waɗannan ba su da wuyar kamawa, lissafi ke tona su.

Masu wuyar su ne waɗanda suka yi kama da gaskiya. Akwai wata shekarar haihuwa da na gani a bishiyoyi da dama na mutanen da ba su san juna ba, duk sun yi ittifaƙi a kanta. Zuciya na son ta ce ai jama'a da yawa ba za su haɗu a kan kuskure ba. Da na bi su ɗaya-ɗaya, madogarar kowace ita ce wata bishiyar, ita ma tata wata bishiyar, har aka ƙare a kan guda ɗaya da ba ta da madogara ko kaɗan. Malaman hadisi sun daɗe da warware wannan: in maruwaita goma duk daga bakin mutum ɗaya suka ji, isnadin a kansa yake tsaye, yawansu bai ƙara masa nauyi ba. Bambancin kawai shi ne a intanet kwafa ba ta wuce danna maɓalli, shi ya sa kuskure ke yaɗuwa fiye da gyaransa.

Ba kuma intanet ce ta ƙirƙiro matsalar ba. Gustave Anjou, ɗan Suwidin da ya zauna a Amurka ya rasu a 1942, ya yi shekaru yana sayar wa masu hali salsalar ƙarya. Dabararsa ita ce ya cika aikin da madogara na gaskiya, sannan ya cusa ƙagaggu a daidai gaɓar da ake bukata. An ɗaure ayyukansa a littattafai, sun shiga ɗakunan karatu, kuma har yau ana tsintar rassansa a bishiyoyin mutane. Abin da ya ba su daraja shi ne an gan su a buge.

Hukumar tantance masana salsala ta Amurka, wadda aka kafa a 1964, tana da sharuɗɗa biyar kafin a ce an tabbatar da wata nasaba: a yi bincike mai faɗi gwargwadon iko, a kawo madogara cikakkiya, a auna hujjoji a gwama su, a warware waɗanda suka ci karo, sannan a rubuta hukunci da dalilinsa. Ba zan iya cika su a kan kowane suna ba, ba kuma zan nuna kamar na cika ba. Abin da zan iya shi ne in sa takarda ta faɗi matsayin kowane bayani. Mataki uku na tsara. Abin da na ga takardarsa da idona zai fito da baƙin rubutu ba wata alama. Abin da wanda ya san mutumin ya faɗa mini zai ɗauki tauraro, da sunan mai faɗa a ƙasan shafi. Abin da bishiyar wani kawai ta ce zai fito da rubutu mai toka-toka da alamar tambaya. Fihirisar da aka buga da kwamfuta ma ba ta shiga matakin farko, don karatun wani ne a kan rubutun hannun wani. Sai na ga hoton takardar kanta.

22 ga Maris

Kwanan wata ya cinye mini wannan makon. GEDCOM na da alamomi masu kyau na rashin tabbas: ABT wajajen shekara kaza, BEF kafin, AFT bayan, EST ƙiyasi. Wani jadawali da na gwada ya zubar da su don akwatin ya yi ƙanƙanta, sai "wajajen 1910" ta koma 1910 cak. Wanda ya kwafa daga wannan takarda zai ɗauka shekarar tabbatacciya ce. Na faɗaɗa akwatin.

Sai 03/04/1921, wanda Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris, sauran duniya su karanta 3 ga Afrilu. A bugunmu da haruffa za a rubuta sunan wata.

Kalandar da GEDCOM ya tanada huɗu ce: Miladiyya, da ta Juliyan da ta gabace ta, da ta Yahudawa, da ta juyin juya halin Faransa. Babu Hijiriyya. Gramps na karɓarta, kuma hakan ya taimaka, don wasu takardun da ita aka rubuta su. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11, saboda haka in shekara kawai aka rubuta babu wata, yawanci tana taɓa shekaru biyu na Miladiyya. Zan buga ta yadda take a takardar, in sa shekarun biyu a gefenta.

12 ga Afrilu

Inda sunaye ke maimaituwa, lamba ce ke raba gardama. Ga kakanni na ɗauki tsarin da Michaël Eytzinger ya fara bugawa a 1590, Jerónimo de Sosa ya yi amfani da shi a 1676, Stephan Kekulé von Stradonitz ya yaɗa shi a 1898. Wanda aka fara da shi 1, ubansa 2, uwarsa 3. Uban kowa ninkin lambarsa ne, uwarsa ninki da ɗaya. In ka ga 13 ka san mace ce, matar 12, uwar 6, wanda shi ne kakan wajen uwa. Hawa biyar, har da wanda aka fara da shi, mutum 31 ne, suna shiga takarda ɗaya. In aka koma baya hawa goma, gurabe 1,024 ne a wannan hawan kaɗai. Inda dangi suka auri juna, kaka ɗaya zai ɗauki lamba biyu, sai in rubuta shi a ƙaramar, a babbar in ce a duba can.

Ga zuriya mai gangarowa na bi tsarin Jacques d'Aboville na 1940: ɗa na biyu na 1 shi ne 1.2, ɗansa na uku 1.2.3. Illarsa ita ce in aka gano wani ɗa da aka manta a tsakiya, lambobin ƙannensa da na zuriyarsu duk sai sun motsa. Wani dalilin ke nan na sa rana a kowane bugu.

Akwai masu son babban zane na bango, takardar A0 mai tsawon fiye da mita ɗaya. Yana da kyan gani, amma suna ɗaya in ya sauya sai an sake shi duka. Na zaɓi A4, iyali ɗaya shafi ɗaya, manyan haruffa saboda idon dattawa, da fili a gefe na rubutu da fensir.

3 ga Mayu

Na fara kai daftari wurin manya. Na miƙa wa Goggo shafin iyalin kakarta, ta sa tabarau ta bi shi a hankali, ta tsaya a kan wani suna.

"Ɗan nan, wa ya ba ka wannan?"

"A intanet aka samo shi, Goggo. Ba haka kuka sani ba?"

"To, ni dai ba haka na taso na ji ba. Amma tunda ga shi a rubuce, ƙila ni ce na manta."

Wannan matar ta yi wayo a hannun wadda ake magana a kanta. Sunan da ke takardar kuwa daga mataki na uku yake, bishiyar wani da ba shi da madogara. Da tokar rubutun da alamar tambayar duk ba su hana ba, ganin abu a buge ya isa ya sa ta janye saninta. Da ta yi shiru, da an rasa mafi ƙarfin shaidar da ake da ita, kuma da an sake tambayarta bayan wata ɗaya mai yiwuwa sunan takardar za ta faɗa.

Saboda haka tsarin ya sauya. Da farar takarda nake fara zuwa. In yi tambaya a buɗe, ba in ce "wance ce ko?" ba, sai dai "wa ta haife shi?" In an yarda in naɗi murya a waya. Sai an gama duka nake fito da abin da aka buga, in ce ga abin da wasu suka rubuta, a duba mini inda suka kauce. Da Baffa na gwada haka, kuma har ya kawo wasu mata biyu da babu su a ko ɗaya daga fayil ukun. Da na tambaye shi yadda aka yi ya tabbata, sai ya ce, "Kai yaro, ɗayarsu ita ta goye ni."

Kowane shafi yanzu na ɗauke da kalmar DAFTARI a gicciye.

24 ga Mayu

Shafukan salsala na ɓoye rayayyu daga idon baƙi. Fayil ɗin da mai bishiya ya fitar kuwa komai na ciki: cikakkiyar ranar haihuwa, sunan uwa, wani lokaci har adireshi. Irin bayanan da ake tambaya ke nan wajen tantance mai asusu, kuma takarda ba ta da kalmar sirri. Duk wanda ta faɗa hannunsa ya ɗauki hotonta, ta tafi.

Gwamnatoci ma jinkirtawa suke yi. Amurka na riƙe takardun ƙidayar jama'a shekara 72, shi ya sa na 1950 sai 1 ga Afrilu, 2022 aka buɗe su. Ingila da Wales shekara 100 suke jira, na 1921 sun fito a Janairun 2022. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 25 ga Mayu, 2018 rayayyu take karewa, ba ta shafi mamata ba. Gramps kuma, in ba a sa wa mutum ranar rasuwa ba, tana ɗaukarsa mai rai har sai ya kai shekara 110, kuma wajen bugawa tana ba da zaɓin a cire rayayyu ko a bar suna kawai.

Na bar suna kawai, babu rana babu wuri. Yara ƙanana sai da yardar iyayensu. Bayanan gefe da suka taɓa saki, da riƙo, da ciwon da ya yi ajalin wani, suna nan a kwamfuta, ba za su hau takarda ba. Mamaci ba ya kai ƙara, amma 'ya'yansa na nan.

14 ga Yuni

Tambayar ita ce me ya halatta in kwafa. Suna da ranar haihuwa da wurin rasuwa ba mallakar kowa ba ne. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke haka a 1991 a shari'ar Feist, wadda aka yi a kan littafin lambobin tarho: tsurar bayani ba ya shiga haƙƙin mallaka, komai wahalar da aka sha wajen tara shi. Turai ta ɗan bambanta, don dokarta ta 1996 ta ba wanda ya zuba jari wajen gina rumbun bayanai kariyar shekara 15 daga a kwashe masa kaso mai yawa.

Tarihin rayuwar da wani ya zauna ya rubuta da kalmominsa, wannan nasa ne. Hoto ma haka, kuma a ƙa'ida haƙƙin na wanda ya ɗauka ne, ba na wanda ke riƙe da shi ba. Yarjejeniyar Berne ta 1886, yadda take a yau, ta sa mafi ƙarancin kariya ga rubutu shekara 50 bayan rasuwar marubuci, ƙasashe da yawa sun kai ta 70. A Find a Grave, da ke tara bayanan kaburbura tun 1995, hotunan na waɗanda suka ɗauka ne. Ban da wannan akwai sharuɗɗan da mutum ya amince da su ranar da ya yi rajista, waɗanda ke iya taƙaita sake buga hotunan takardu ko da takardun sun tsufa.

Na aika saƙo ga masu hotuna da rubuce-rubucen da nake so. Wasu sun amsa da farin ciki, sharaɗinsu kawai a ambace su. Wani bai amsa ba, kuma ban ɗauki shirunsa izini ba, na ɗebi shekarun na rubuta nawa bayanin. 'Yar goggona kuwa, ko doka ba ta ce ba, sunanta zai fito a duk shafin da aikinta ya shiga. Ladabi ne, kuma wanda ya zo bayanmu zai san wa zai tambaya.

12 ga Yuli

Ɗaya daga shafukan ya aiko mini da albishir: an sami sabuwar bishiya da ta yi daidai da tamu, har ta tabbatar da uban wani kaka da na sa wa alamar tambaya. Na buɗe da ɗoki. Jerin 'ya'yan irin nawa ne, har da mata biyun da Baffa ya kawo, waɗanda kafin Mayu babu su a ko'ina a intanet.

Daftarina ne. Wani daga cikin dangi ya ɗauki hoton shafukan, ya zauna ya shigar da su da kyakkyawar niyya. Tauraro da alamar tambaya da kalmar DAFTARI duk sun tsaya a takarda, don shafin ba shi da gurbinsu. Abin da na rubuta a matsayin zato ya zagaya ya dawo mini a matsayin shaida ta biyu. Da bayan shekara biyar na gan shi, lokacin da wasu suka kwafa daga gare shi, ba lallai in gane shi ba.

Mun yi magana, ya sa bayani a ƙarƙashin sunayen cewa daga daftarin Mayun 2025 suke kuma ba a tabbatar ba. Ni kuma na ɗauki mataki mai tsauri: duk abin da ke mataki na uku ya fita daga jadawali gaba ɗaya. Ya koma shafin ƙarshe, a rubuce da jimla cikakkiya, kamar "wata bishiya ta ce uban wane shi ne wane, ba a ga hujja ba." Akwati ana kwafe shi ba tunani, jimla kuwa sai an karanta. Jadawalin ya rame, gurabe da yawa sun koma fari, wasu a dangi ba su ji daɗi ba don tsohon ya fi nisa baya.

9 ga Agusta

An tambaye ni amfanin takarda tunda komai na intanet. GeoCities, inda mutane da yawa suka ajiye tarihin danginsu, an rufe shi a 2009. PAF, manhajar salsala da aka daɗe ana amfani da ita, an daina kula da ita a 2013. MyFamily.com ya rufe a 2014. Ma'adanar Wayback Machine na ceto shafukan da ke buɗe ga kowa, amma ba ta shiga inda sai da kalmar sirri, kuma yawancin bishiyoyi a can suke. Ita ma takardar ba ta tsira ba: gobarar 1921 ta lalata mafi yawan ƙidayar Amurka ta 1890, ta 1942 ta cinye ƙidayar Ingila da Wales ta 1931. Kwafi da yawa a wurare daban-daban shi ne magani.

Na nemi takarda marar asid, mai cika ma'aunin ISO 9706. Firinta mai laser na zaɓa, don tawadar ruwa ta gama-gari na koɗewa a haske, tana kuma malalewa in ta jiƙe. Rigar leda ta PVC na manne wa rubutun laser ta ɗauke shi, sai a nemi ta polypropylene. Asalin tsohuwar takarda kuwa kada a kuskura a manne ta cikin leda da zafi, ba a iya warwarewa. A kwamfuta na adana bugun a PDF/A, sigar da aka tsara a 2005 don ajiya mai tsawo, tare da GEDCOM da ƙunshin Gramps mai hotuna. Kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash, ɗaya a hannun 'yar goggona.

6 ga Satumba

Na ɗauko jadawalin 19 ga Janairu na gwama shi da abin da ke babbar bishiyar yau, ina bin lambobin shaida. An haɗe mutum biyu da nake ganin ba ɗaya ba ne. An ƙara wa wata kaka ranar rasuwa, da hoton takarda a maƙale, kuma daidai ne, ta hau mataki na farko a wurina. Wanda ya sa ta ban san shi ba, na aika masa godiya da tambayar ko yana da sauran takardun gidan.

Gyaran da na samu daga Goggo da Baffa na fara mayar da shi intanet, kowanne da bayanin wa ya faɗa, yaushe, da alaƙarsa da mamacin. Haɗewar can ban warware ta ba tukuna, na rubuta wa wanda ya yi ta dalilaina ina jiran nasa.

Reshen wajen uba ya shirya, zai fita a matsayin bugu na ɗaya da ranar yau a ƙasan kowane shafi. Na wajen uwa da saura: akwai murya biyu da ban rubuta ba, akwai kuma wata inna da aka ce ita ce ta fi kowa sanin matan gidan, ba a kai ga zama da ita ba. Shafin tambayoyi na ƙarshe ya fi yadda na zata tsawo, sai an raba shi gida-gida kafin a kai wa kowane dattijo nasa.